Ni Ma Ina Ƙasar Waje

Bakano ba ya yarda shi baƙo ne a ko'ina. Ka kai shi Makka, kafin mako ya zagayo zai fara nuna wa Balarabe hanyar Harami. Ni kuwa Bakano ne gaba da baya, haifaffen cikin badala, don haka da aure da neman abinci suka kai ni Maraɗi ban je da niyyar koyon komai ba. Koyarwa na je yi. Wata makarantar kuɗi ta ɗauke ni in riƙa ba yara Turancin Ingilishi, aka miƙo mini alli da allo da sabon suna, Mushe, wanda ake kiran kowane malamin boko da shi a Nijar. Na riƙe sunan nan da ƙarfi fiye da yadda masu ba ni shi suka nufa. Na sayi tabarau alhali idona ƙalau. Na sayi jakar hannu ta fata wadda har yau ba ta ɗauki abin da ya wuce biro da goro ba.

Garin ya karɓe ni hannu bibbiyu, ni kuma na karɓe shi da yatsu biyu. Da aka ce mini a ƙidayar 2012 mutum 267,249 aka samu a birnin, sai na yi murmushi irin na manya, na ce a raina ai wannan Kurna ce da Rijiyar Lemo. Surukina dattijo ne, tsohon ɗan kasuwar gyaɗa da aya, yana zaune a Bagalam cikin tsofaffin unguwanni, shi ya samo mana haya a wata unguwa mai suna Zariya. Ka ji ƙaddara. Bakano ya bar ƙasarsa, ya ƙetare iyaka, ya sake faɗawa hannun Zariya.

Abin da ya fara neman kunyata ni kuɗi ne. A nan ba a ƙirga sefa ɗai-ɗai, da dala ake ƙirgawa, dala kuwa tamma biyar ce. In mai ƙosai ta ce maka ashirin, sefa 100 take nufi. In ɗan kabu-kabu ya ce arba'in, 200 ke nan. Ɗari ita ce 500. Dala ɗari biyu kuma ta zama jika, wato takardar 1,000. Farkon zuwana wani ɗan kabu-kabu ya sauke ni a ƙofar makaranta ya ce arba'in, na lalubo ƙwandaloli na haɗa masa sefa 40 cif na zuba masa a hannu, har ina jiran godiya. Ya dubi tafin hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Mushe, sadaka ta ko kuɗɗin hanya?" A daren ƙanin maiɗakina ya zaunar da ni ya ba ni doka guda: duk lambar da ka ji, ka ninka sau biyar. Na rungumi dokar nan. Na ninka wa mai shayi, na ninka wa mai burodi, na ninka wa mai wankin takalmi, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Manyan kuɗi dai ba sa kwana a hannuna, albashi a ambulan nake miƙa wa maiɗakina, ita ke biyan haya da awo da cefane. Iyakar hulɗata da sefa ba ta wuce ta shayi da babur ba, amma a zuciyata na riga na zama ɗan canji.

To, ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Ɗansa ya yi karatu a Lesta, wani matsakaicin birni a tsakiyar Ingila, Yaya ya je bikin kammalawa. Tun da ya dawo zuri'armu ba ta sake hutawa ba. In an ɗauke wuta, a Lesta ba a ɗaukewa. In mota ta yi latti, a Lesta an rubuta mintin da za ta iso a jikin allo. Labarin sarkinsu Richard na Uku, wanda aka tono ƙasusuwansa a ƙarƙashin wurin ajiye motoci a 2012, mun sha shi har jikokin gidan sun haddace. Hoton da ya ɗauka a ƙofar filin ƙwallon da Ahmed Musa ya buga wasa bayan ƙungiyar ta ci kofin Firimiya a 2016, cikin wata rigar sanyi da ta fi ƙarfinsa, yana rataye a falo sama da hoton aurensa. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda yake rufe kowane labari: "Ku da ba ku taɓa fita waje ba, ba za ku gane ba." Kuma ni yake kallo. Ni! Ni da sai an duba takarduna a Ɗan Isa kafin in isa ɗakin matata. Gaskiya ne daga Katsina zuwa Maraɗi bai cika kilomita 100 ba, gaskiya ne kuma Hausa ake yi da tuwo a can da nan, amma ai waje waje ne.

Sai na fara ramuwa ta waya. Na ba shi labarin Gulbin Maraɗi, wanda ya cinye tsohon gari a ambaliyar 1945 har dole aka hau da birnin kan tudu. Na ce masa muna da fadoji biyu kusa da juna, ta Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tibiri, alhali Ingila duk faɗinta sarki guda gare ta. Na ce masa alhazan garin nan sun yi kuɗin da har wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya zauna ya rubuta littafi sukutum a kansu. Na ce layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021, daga Kano wurinmu ya nufo. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, gishiri ne kawai ya yi yawa, kuma ina da garkuwa: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, ba mai zuwa ya duba. A Maris na 2024 aka buɗe. Ba a jima ba Yaya ya bugo ya ce, "In sanyi ya shigo zan zo in ga wannan Faris ɗin taka."

Ya iso cikin hunturu, ta Jibiya, sanye da rigar nan ta Lesta. Washegari Litinin, ranar kasuwa, na ɗauki izini a makaranta, na fito da farar shaddata ta ranar ɗaurin aure da takalmin da ban taɓa takawa ba. Ƙanin maiɗakina ya ce, "Yaya, in raka ku?" Na ce ya zauna, ni da garina. Maiɗakina ta leƙo daga kicin ta ce a hankali, "Malam, ka tahi da shi dai." Na yi kamar ban ji ba. Na ɗauki shatar adaidaita ta yini guda, muka fara biyawa wurin 'yan canji Yaya ya sauya nairorinsa. A lokacin jikar sefa ta kai naira 2,500, ya ba da dami ya karɓi 'yan takardu, ya tsaya yana jujjuya su cikin jimami. Na dafa kafaɗarsa na ce haka zaman waje yake.

Gulbi muka fara nufa, don shi na fi zuzutawa. Tun daga gangare Yaya ya shirya kyamarar wayarsa. Muka isa, sai ga yashi. Yashi fari fat iya ganinka, ga masu amalanke suna loda, ga yara suna buga ƙwallo a tsakiyar kogin, ga wani jaki yana birgima a daidai inda na ce ba a ƙetarewa sai da kwalekwale. Yaya ya sauke wayar ya ce, "Ina ruwan?" Ni da damina na taɓa ganinsa, ban san yana tafiya hutu ba. Direban ne ya cece ni, in ceto za a kira shi. Ya ce gulbin daga Najeriya yake shigowa, ya biyo ta Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji ya sake komawa Najeriya ya faɗa Rima, da damina kaɗai yake gudu, kuma akwai madatsa a Jibiya da ke riƙe da shi ta sama. Yaya ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe na wuto shi a hanya."

A Jiratawa na ɗan farfaɗo. Wurin noman rani ne na fiye da kadada 500 da aka shimfiɗa tun farkon shekarun 1980, kana fita daga ƙurar gari sai ka faɗa cikin kore: zogale layi-layi, tumatir, tattasai, mata suna tsinkar ganye suna cika buhuna. Yaya ya yi shiru, har ya manta bai ce a Lesta ba. Ya sayi ƙunshin zogale zai kai wa Hajiya. Ganin ya yaba sai na ɗauki yabon na sa a aljihuna, na hau bakin hanyar ruwa in tsaya ya ɗauke ni hoto da gonakina a baya. Simintin yana da gansakuka. Ƙafata ta dama ta nutse cikin taɓo har gwiwa, na zaro ta babu takalmi. Wani yaro ya zura hannu ya ciro mini, manoman suka yi ta cewa, "Sannu Mushe, sannu Mushe." Ban tsaya na tambayi kaina inda suka san ni Mushe ne ba.

Da ƙafa ɗaya fara ɗaya ruwan ƙasa muka juya zuwa Tibiri, tafiyar 'yan kilomitoci daga gari. A ƙofar fada na ga dama ta samu, domin tarihi ba ya buƙatar ruwa, ba ya kuma da gansakuka. Na gyara tabarau, na ɗaga murya yadda nake yi a aji, na ce, "Yaya, wannan gari da kake gani Bawa Jan Gwarzo ne ya kafa shi da hannunsa, bayan da Shehu ya kore shi daga Sakkwato." Jimla ɗaya ce, amma daga baya na ƙirga ɓarna uku a cikinta. A inuwar bango akwai wani tsoho zaune a kan buzu, tsagar Gobir ta cika masa kumatu har kunne. Ya yafito ni da yatsa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗana, wa ya karantar da kai wanga?"

"Ranka ya daɗe, ai ni ne mai karantarwa."

"To Allah shi taimaki ɗiyanmu."

Ya sa Yaya ya zauna kusa da shi, ni kuma ya bar ni a tsugune, ya warware zaren tun daga bakinsa. Bawa a Alƙalawa ya yi sarauta, kuma ya riga mu gidan gaskiya tun ba a fara jihadi ba, balle a gina Sakkwato. Alƙalawa ta faɗi a 1808 zamanin Yunfa. Gobirawa suka ci gaba da gwabzawa har yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Bello ya yi rinjaye, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta a fagen. Bayan nan ne Mayaƙi ya kafa Tibiri a gefen 'yan'uwansa na Maraɗi, waɗanda su ma jihadi ya fitar da su daga birnin Katsina, Ɗan Kasawa ya kafa musu sarauta a Maraɗi. Shekarun ni na ƙara daga baya daga littafi, don kada ka ce ban tsinana komai ba. Da mai hankali ne da ya yi godiya ya tashi. Ni sai na nemi in fita da ɗan mutunci, na yi dariya na ce, "Wato dai gudowa aka yi." Wurin ya yi tsit. Wani dogari da ke gyangyaɗi ya buɗe ido. Tsohon bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. In ka koma Kano ka tambayi kakanninka ko sun yi barci zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore."

Daga nan hira ta koma tsakaninsa da Yaya. Yaya yana ce masa Baba, yana tambayarsa sarautar Inna ta Gobir da ta Iya ta Maraɗi, yana ɗaukar muryarsa a waya, har ya ba shi na goro. Ni taɓon ƙafata ya bushe ya fara tsagewa yana zuba. Da za mu tashi tsohon ya dube ni ya ce, "Ka gaida surukinka. Ka ce mai tsohon da sunka yi awon gyaɗa tare shina gaishe shi." Ban faɗa masa sunana ba, balle na surukina.

Kan hanyar komawa Yaya ya ce saura saƙo ɗaya, Hajiya ta ce kada ya dawo babu jar akuyar Maraɗi. Na ji wani sanyi a raina. Ga fagen da ba a kayar da Bakano, ciniki. Kafin mu kai kasuwar dabbobi na gama yi masa lacca: akuyar nan ta yi suna wajen haihuwar tagwaye da yawan nono, har cibiyar kiwonta ta musamman aka kafa a garin, fatarta kuwa tun zamanin ayarin raƙuma ake ƙetara hamada da ita, Turawa suna saye suna kiranta fatar Maroko. Wannan karon komai daidai na faɗa, shi ya sa na shiga kasuwar ƙirjina a gaba. Na ce masa, "Yaya, ka yi shiru kawai. In suka ji muryar baƙo za su yanke mu."

Wani dillali siriri mai hular saƙa ya tare mu da fara'a, "Sannu da zuwa Mushe, sannu Alhaji." Ya jawo mana wata akuya ja wur, gashinta gajere yana sheƙi, ƙahonta 'yan ƙanana, idonta tar. Na tattare hannun riga na buɗe bakinta ina duba haƙora, ban san abin da ake nema a ciki ba, na dai ga ana yi. Ta yi mini atishawa a tabarau. Na goge, na ce nawa. Ya ce, "Jika talatin, don kai ne." Yaya ya matso ya raɗa mini, nawa ke nan? To ka ji inda shaiɗan ya shigo. Ban ce maka ban san jika ba. A lokacin akwai ta a aljihuna guda biyu. Amma tun safe nake shan ƙasa, gulbi ya kayar da ni, taɓo ya kayar da ni, tsoho ya kayar da ni, ga kuma doka ɗaya tak da ba ta taɓa kayar da ni ba. Na zaro waya na buga 30,000, na ninka sau biyar, ta ba ni 150,000. Na juya zuwa naira, ta ba ni 375,000. Yaya ya dafe ƙirji ya ce, "Akuya ce ko Umara za ta kai ni? Ba kai ka ce jika dubu ce ba?" Na ce, "Dubun dala, Yaya. Lissafin Faransa ne, ka bar mini."

Na juya kan dillali fuska a murtuke. Na ƙi furta lamba da baki don kada 'yan kallo su san sirrina, na rubuta 60,000 a waya na nuna masa, ina jin na sare shi fiye da rabi. Ya zaro ido ya ce, "Mushe, ba haka ba ne." Na ce wa Yaya ka gani, haka suke farawa. Na juya baya na yi taku uku irin na mai fushi, na dawo na rubuta 75,000. Ya ɗora hannu a ka ya ce, "Subhanallahi! Mushe, ka tsaya ka ji." Mai akuyar, wani dattijon ƙauye, ya leƙa wayar ya ja da baya yana salati. Na ƙara tabbata na taɓa musu jijiya. Mutane suka fara taruwa, ni kuwa in na ga taro kaina ƙara girma yake. Na rubuta 90,000, na ɗaga murya na ce wannan ne ƙarshe, ko dala ba zan ƙara ba. Dillali ya ce, "Wallahi ya yi yawa!" Na ce, "Ragin ne ya yi yawa? Ai ba ka ga ragi ba, da a Kano ne." Na karɓi kuɗin hannun Yaya, na ƙirga takardun dubu goma-goma guda tara, na cusa masa a aljihun gaba. Na ɗora masa ta dubu ɗaya daga aljihuna na ce, "Ga jika guda, la'adarka." Ka lura, da bakina na kira ta jika, na kuma ba da ita daidai, amma ko gezau. Na fizgi igiya, muka tura akuya cikin adaidaita. Dillali ya biyo mu a guje yana kiran Mushe, tsaya, Mushe, tsaya. Direba ya fara rage wuta, na daka masa tsawa. Na ce wa Yaya, "Kada ka waiwaya. So yake ya fasa, ya ga an ci shi."

Gidan surukina za mu wuce, don Yaya ya kai gaisuwa a kuma ci abincin dare. Ni dama ba na zuwa ni kaɗai, kunyar surukuta ta sa kullum a bayan ƙanin maiɗakina nake tafe kaina a ƙasa, don haka ƙasar hanyar na sani, ban san samanta ba. Bayan ambaliyar nan Faransawa sun yanka garin layi-layi a miƙe, kowane layi ɗan'uwan wani. Na ce dama, direba ya yi dama. Na ce hagu, ya yi hagu. Muka wuce wani mai shayi, muka sake wuce shi, har ya fara ɗaga mana hannu. Akuya ta samu ƙunshin zogalen Hajiya ta gama da shi, sannan ta juyo ta yi fitsari a kan ƙafata ta hagu, wadda ita kaɗai ta rage fara. Rana ta yi ja. Can direban ya yi gyaran murya ya ce, "Mushe, in gidan Alhaji za mu, ai nan baya ne. Ni ke kai ɗiyan gidan lakwal." Na ce me ya hana ka faɗa tun ɗazu? Ya ce, "Ka ce kai da garinka. Kuma shatar yini ta."

Zauren a cike muka same shi. Ga surukina a kan buzu da carbi, ga limamin unguwa, ga abokan hirarsa na kullum. A gefe kuma, zaune daram suna shan fura, ga dillali ga mai akuya. Na tsuguna a bakin ƙofa kamar kazar da aka tsamo daga randa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Yaya hanya da iyali da mutanen Kano da sanyi, aka sake tambayar iyali. Ban taɓa fatan gaisuwa ta ƙi ƙarewa ba sai ranar. Surukina bai dube ni ba, da Yaya yake magana. Ya ce, "Alhaji, wanga bawan Allah ya zo da amana." Dillali ya zaro takardun ya shiga jera su a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa a bayyane don shaidu su ji: jika goma, jika ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin. Kowace takarda ta sauka sai na ji ta a wuyana. Ya ce, "Ga canjin Alhaji. Jika talatin munka ce. Da ma Mushe ya taya, a ashirin da biyar mai ita za shi sallama." Mai akuya ya gyaɗa kai.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Surukina ya ja carbi ya ce shi tun yana yaro yake kasuwa, daga gyaɗa har aya, bai taɓa ganin mai saye ya yi faɗa da mai sayarwa don a ƙara masa tsada ba. Yaya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa cikin rigar Lesta. Daga cikin gida, bayan ƙyaure, aka ji wata mata ta kasa riƙewa, wasu suka kama mata. A nan ma da na yi shiru da an tashi. Sai na ji bakina yana cewa, "Baba, ai gwada shi na yi, in nuna wa Yaya amanar mutanen garin nan." Liman ya ɗago ya dube ni ta saman tabaransa, nasa na gaske ne, ya ce, "To, madalla. Shi dai ya ci jarrabawa. Saura malamin."

Labarin ya riga ni isa unguwar Zariya. Maiɗakina ta buɗe ƙofa, ta dubi ƙafar dama, ta dubi ta hagu, ta ce, "Sannu da zuwa Malam. Ruwan wanka bokiti ɗaya, ko in ninka?" Washegari a aji na rubuta jimla a allo na ce wa yara su maimaita, wani daga baya ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Mushe, sau nawa?"

Yaya ya ƙara kwanaki fiye da yadda ya shirya, amma da ƙanin maiɗakina ya riƙa fita. Shi ya kai shi fadar Maraɗi da filin kokawa mai sunan Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobin ƙasa a 1975, da tafkin Madarunfa, inda a ƙarshe ya ga ruwa. Ranar da zai tafi ya ce mini ɗansa ya shekara da shekaru a Lesta bai san sunan wanda ke bayan bangonsa ba, ni kuwa a nan dillalin awaki ma ya san zauren surukina fiye da ni. Akuyar bai tafi da ita ba. Ya ba maiɗakina, ya ce tukuicin haƙurin zama da ni ne, ya sa aka saya wa Hajiya wata a jika ashirin da biyar. Labarin Lesta ya mutu a gidanmu na Kano, na kashe shi da hannuna, sai dai ka san labarin da ya gaje shi. A sunan jikarsa na bara sai da aka sa ya ba da shi har da tashi tsaye yana nuna takuna uku.

Akuyar tana nan, ta haifi tagwaye, duk na maiɗakina ne. In hanya ta kawo ka Maraɗi kada ka wahalar da kanka da neman kwatance. Kana sauka a tasha ka ce wa kowane ɗan kabu-kabu ya kai ka gidan Mushe Sau-biyar. Kuɗin da zai faɗa maka ka tambayi wani ya lissafa maka kafin ka iso wurina.